Taƙaitawa: gano inda aka ɗauki tsohon hoton jirgin ƙasa mai tururi a Ailan

Masana sun ce a fara duba faɗin layin dogo. Babban layin Ailan ƙafa 5 da inci 3 ne. In siririn layi ne mai ƙafa 3, an rage aiki, sai a nufi irin layukan Donegal, West Clare ko Tralee zuwa Dingle.

Lambar kan jirgi tana taimakawa, amma tana yaudara. Da aka haɗe kamfanonin jirgin ƙasa na kudancin Ailan a 1925 an sauya wa kawuna da yawa lamba, kuma kan jirgi yawo yake yi. Gini shi ne ba ya tashi: ɗakin sigina, tankin ruwa, gadar masu tafiya a ƙasa, hasumiyar coci a can baya. A gwada lanƙwasar layin da tsohuwar taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasa, mai ma'aunin inci 25 ga kowane mil.

Allon sunan tasha ma yana nuna zamani, domin sai a 1966 tashar Kingsbridge ta birnin Dublin ta zama Heuston, ta Amiens Street kuma ta zama Connolly.

Kuskuren da ya fi ɓata lokaci shi ne hoton da aka wanke a juye, dama ta koma hagu. A karanta lambobin tukuna. Rubutun bayan hoto kuwa, kada a ɗauke shi hujja sai gini ya gaskata shi.