Tsohon soja ne yake kwana a rumfar mai shayi a garinmu, ta ina za mu fara?

Dan_Ringim:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Akwai wani dattijo a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, Baba Kofur kowa yake ce masa, ni ma haka na taso na ji ana kiransa. Yana cikin sojojin da aka kai Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya kuma aka tura su Saliyo. Da ya baro aiki ya dawo gida ya tarar an riga an raba gadon mahaifinsu, ɗaki ɗaya ya samu a bakin gidan, matarsa ma ba su daɗe ba suka rabu. To ambaliyar 2022 ɗin nan da ta cinye mana gonaki ita ta kwantar da ɗakin, dama na ƙasa ne, tun lokacin yau yana zauren wannan gobe yana masallaci, yanzu dai a rumfar mai shayi ta bakin tasha yake kwana. Shekaranjiya na fito da asuba zan tafi kasuwa na gan shi a dunƙule kan benci ya yi matashi da wata tsohuwar jakarsa ta soja, takalmansa a jere a ƙarƙashin bencin ya goge su tas, ga hunturu ya fara kaɗawa, wlh har na isa kasuwa raina ba daɗi.

Muna da ƙungiyar samari mu 23, muna ɗan karo-karo duk Juma'a. Wasu sun ce a saya masa bargo da kwanon gero, wasu sun ce a ɗau hotonsa a sa a Facebook a nemi taimako. Ni kuma na taɓa kai masa tuwo daga gidanmu ya kalle ni ya ce "yaro ni ba almajiri ba ne", ya ƙi karɓa. Wanda ya san kan abin nan dan Allah ya haska mana.

Saje_mai_ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi muku albarka. Ni ma na sa kakin nan na cire, shi ya sa zan gaya maka gaskiya, maganar hoto ku ajiye ta. Mutumin da ya yi fareti ya riƙe bindiga a ƙasar wasu, ka yaɗa shi yana kwance kan benci, in ya gani ba zai ƙara kallon inda kuke ba. Tuwon nan da ya ƙi ba rashin yunwa ba ne.

Abu na farko jakar nan da ka gani, ina kyautata zaton takardunsa suna ciki, soja ba ya rabuwa da su. Ku samu dattijo sa'ansa wanda yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, a zauna a tambaye shi a hankali: yana da takardar sallama? Ya san lambarsa ta aiki? Wannan kam ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka. Sai a gane ritaya ya yi ko korarsa aka yi ko barin aikin ya yi da kansa, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne wajen fansho. In ritaya ce yana da haƙƙi a hukumar fanshon sojoji da ke Abuja, kuma da yawa irinsu abin da ke tsayar musu da kuɗi shi ne an yi tantancewa ba su je ba, ko asusun banki ya kwanta, ko sunan da ke NIN da BVN ya saɓa da na takardar aiki. Yaro ɗaya mai waya da haƙuri zai iya warware wannan. Ku nemi ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Nigerian Legion, tun 1964 aka kafa ta don irin wannan, suna da reshe a jiha, su za su nuna muku ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai fito masa da fansho ta bayan gida ku guje shi, kar ku ba kowa asalin takarda, a yi hoto a ba da kwafi.

Maman_Khalifa:
Baba Saje ya gama magana ta fannin takardu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɗan asibitin karkara, tambayata ita ce, yana barci kuwa? Ka tambayi mai shayin, shi zai fi kowa sani. Don sau tari ba rashin ɗaki kaɗai ke fitar da su waje ba, wani in dare ya yi sai firgita da ihu, in an buga ƙofa da ƙarfi ko yara sun fasa abin wasan wuta sai ya zabura, mutanen gida su gaji su ce aljanu ne ko shaye-shaye, shi kuma ya ga gara ya kwana inda ba zai dami kowa ba. Abin da ido ya gani a fagen yaƙi ne yake dawowa, ciwo ne kamar hawan jini kuma ana samun sauƙi da magani da zama da likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Amma dan Allah kar ku tunkare shi da maganar asibitin mahaukata, ku fara da awon jini da suga, in ya saki jiki sauran zai biyo baya.

Sai dai ni a ganina ɗakin shi ne gaba da komai. Wanda ba shi da inda zai ajiye maganinsa ya rufe ƙofa ba ya shan magani a kan ƙa'ida, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Ko a Amurka da suke da tsofaffin sojoji masu kwana a titi dubbai, da suka koma ba mutum muhalli tukuna ba tare da sharaɗin sai ya daina kaza ko ya warke ba, sannan a bi shi da magani da mai kula da shi, adadin ya ragu da fiye da rabi daga 2010 zuwa 2024.

Abba_Gumel:
Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Wannan aikin gwamnati ne. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su sayi bajo da kuɗi masu yawa, to ina kuɗin suke zuwa? Talakan da ambaliya ta cinye wa shinkafa shi ne kuma zai gina wa soja ɗaki? Kuma a garin naku ba zawarawa da marayun da ɗakinsu ya rushe, sai shi?

Saje_mai_ritaya:
Malam Abba ba ka yi ƙarya ba, haƙƙi ne a wuyan hukuma, shi ya sa ma na ce a bi takardu don a karɓo masa abin da yake nasa. Amma kafin fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan hunturu nawa zai wuce a kan bencin? Maganar zawarawa kuwa, bazawara ko ba komai tana da gidan ubanta ko na ɗan'uwa da za ta raɓa. Shi wannan ƙuruciyarsa a bariki ta ƙare, lokacin da sa'o'insa suke sayen fili suna aurar da 'ya'ya suna ƙulla zumunci shi yana Monrobiya can Laberiya, ya dawo garinsu kamar baƙo. A yi masa, in an ga ya yiwu sai a juya kan na gaba.

Magini_Auyo:
Ɗan'uwa mu mun yi irin wannan bayan ruwan 2022, ba soja ba ne namu, wani tsoho ne makaho, amma aikin ɗaya ne. Kuskuren da muka fara yi shi ne mun ɗora gini ba mu tsayar da maganar fili ba, katanga ta kai ƙirji sai ga wani ɗan ɗan'uwansa wai wurin rabon babansa ne, sai da aka je gaban dagaci aka yi sati uku ana abu ɗaya. Don haka ku fara da nan, tunda ka ce ɗakin gadonsa ne a tara 'yan gidan gaban mai unguwa da liman a nuna iyaka a rubuta kowa ya sa hannu.

Sauran kuma aikin gayya ne, yanzu ma lokacinsa ne tunda an gama girbi kuma ba ruwa. Ku 23 in kun fito Asabar biyu kun buga bulon ƙasar da zai isa ɗaki, masu amalanke su kawo ƙasa da ruwa. Amma dan Allah tushen a yi shi da bulon siminti kamar layi 3 ko 4 a ɗaga shi sama da inda ruwa ya tsaya wancan karon, in ba haka ba baɗi ma labarin ɗaya ne. Kuɗinku su tafi a kwano da katako da ƙusa da ƙofa mai makulli, da ɗan makewayi ko na zana ne. Ku je wa manoman da suka fitar da zakkar hatsi, in an sayar da buhu biyu uku kwanon ya fito, ku tambayi malaminku yadda za a ba shi a hannunsa ya zama shi ya saya. Kuma kar ku zaunar da shi yana kallo, ku ce Baba kai ne mai duba aiki, ka ga yadda zai tsare ku da igiya da ma'auni.

Dan_Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na je wajen mai shayin kamar yadda Maman Khalifa ta ce, ya ce gaskiya ne, wani daren sai ya tashi zaune yana kiran sunayen mutane, in an yi masa magana ya ce ba komai. Liman ya yarda zai zauna da shi gobe, mai unguwa kuma ya ce a kira 'yan gidan ranar Juma'a bayan an sauko. Baba Saje ka canka, da na gaishe shi yau da safe na ce Baba wai har yanzu kana tuna lambarka, sai ya miƙe tsaye ya karanto min ita tiryan-tiryan har da sunan bataliyarsu, mai shayi ya saki baki yana kallo. Baba Kofur ya ce takardun suna cikin leda a jakar amma ruwa ya taɓa guda biyu. Dan Allah Baba Saje in rubutun ya ɗan goge suna karɓa kuwa, ko sai an nemo wata?