Malaman da suka taɓa koyarwa ta WhatsApp, ku zo ku ba mu labari

Malamar Bayoloji, Zariya:
Assalamu alaikum malamai. Firinsifal ɗinmu ya ɗora min aikin buɗe wa 'yan SS3 guruf na WhatsApp saboda bitar WAEC da NECO, kuma yana so mu malaman kimiyya mu yi namu daban na musayar lesin not. Ni dai gabana faɗuwa yake yi, don duk guruf ɗin da nake ciki ya koma na barka da Juma'a da tallan atamfa. Waɗanda suka taɓa gwadawa, me ya yi muku aiki, me ya ba ku wahala? Abin da ya faru da ku nake son ji, ba abin da ake faɗa a taron bita ba.

Malamin Lissafi, Kano:
Wa alaikumus salam Malama. Ni korona ce ta jefa ni cikin wannan harka. Da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, mai makarantarmu ya ce kowa ya koma Zoom. Ajina mutum 58 ne. Ranar farko tara suka shigo, uku ba sa jin muryata, ɗaya kuma ƙaninsa ne riƙe da wayar yana ta yi mana gwalo. Kafin a gama "Malam ba ma ji" minti 40 ɗin da Zoom ke bayarwa kyauta sun ƙare, ya watsar da mu. Sati biyu muka yi a haka na haƙura.

Abin da ban gane ba da farko shi ne yawancin yaran ba su da waya. Ta baba ce ko ta yaya, kuma baba yana kasuwa, sai bayan isha'i take dawowa gida. Ashe ni da nake kiran aji ƙarfe goma na safe, wayoyin da nake kira suna Kwari da Singa. Da na gane haka sai na daina neman kowa ya hallara lokaci ɗaya. Ina warware lissafi a farar takarda da baƙin biro, in ɗauki hoto kusa da taga, in bi shi da saƙon murya wanda bai wuce minti uku ba, ina bayani layi bayan layi. Sai in ba da tambayoyi uku kacal, in ce a turo amsa kafin magaribar gobe. Masu turo aiki suka haura 30.

Ki riƙa tura hoton a matsayin fayil, don in kika tura shi kai tsaye WhatsApp yakan matse shi, ƙananan lambobin da ke saman x su dushe. Na taɓa samun rabin aji sun faɗi tambaya ɗaya saboda 3 ta koma kamar 8.

Malamar Firamare, Katsina:
Ki rufe guruf ɗin, admin kaɗai ke magana. Ki buɗe shi awa ɗaya da daddare don tambayoyi, ki sake rufewa. In ba haka ba darasinki zai nutse ƙarƙashin sitika ɗari biyu.

Tsohon Hedimasta, Sakkwato:
'Yata, kafin maganar darasi akwai wadda ta fi ta. Duk wanda ke cikin guruf yana ganin lambar kowa. Kin haɗa samari da 'yanmata 'yan shekara 16 da 17 wuri ɗaya kin raba musu lambobin juna. A makarantar da na yi aiki na ƙarshe, wani uba ya zo ofis ransa a ɓace da wayar 'yarsa a hannu, ana ta turo mata saƙo tsakar dare. Da muka bincika, yaron ma ba ɗalibinmu ba ne, abokinsa ya tura masa mahaɗin shiga. Uban ya cire ta daga guruf, kuma da ƙyar muka shawo kansa bai cire ta daga makarantar ba.

Daga ranar muka sa doka. Lambar iyaye ake sawa, da saninsu. Ba a shiga ta mahaɗi, admin ke saka mutum da hannunsa. Maza daban, mata daban, kuma a na mata dole a samu malama mace da uwa ɗaya daga PTA. Malami namiji ba ya bin ɗaliba ta bayan fage ko da gyaran aiki ne, a yi a fili kowa na gani. Wasu matasan malamai sun ce na cika tsauri. Na ce musu su nake karewa.

Malamin Lissafi, Kano:
Baba ya faɗi gaskiya. Yanzu ma akwai tashar WhatsApp da suka fito da ita a 2023, mabiya ba sa ganin lambar juna. Sai dai yara ba za su iya turo aiki ta nan ba, ta sanarwa ce kawai.

Lakcara, Gusau:
Ni zan ɗan saɓa wa Malamin Lissafi. A matakinmu na manyan ɗalibai Google Classroom ya fi min WhatsApp nesa ba kusa ba. Kowane aiki na zaune a wurinsa da ranar rufewa, na san wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, ba sai na yi ta haƙa cikin hira ba. Gwajin Google Forms kuma shi ke yin makin da kansa. Matsalarsa ɗaya, mutum biyar na farko suna gamawa hoton amsoshin ya zagaye aji. Na sa ya riƙa jujjuya tambayoyin, ya ɗan rage, bai hana ba. Yanzu ba na ba shi maki mai yawa, na mai da shi na gwada kai.

Amma darasin da ba zan manta ba na Satumbar 2021 ne, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk abin da na tara na zangon yana intanet, ko kwafi ɗaya babu a kwamfutata. Sai da wani abokin aiki ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis ya sauke mana, muka dawo muna rabawa ta Xender da memori, waya zuwa waya. Tun daga nan duk abin da na ɗora sai na ajiye kwafinsa a filash.

Mushe (malamin makaranta), Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan abin da ya fi yi mana amfani guruf ɗin malamai ne, ba na yara ba. Muna da taron CAPED inda malaman yanki ke haɗuwa su tattauna koyarwa, amma wanda ke lakwal ɗin ƙauye mai nisa ba kullum yake samun zuwa ba, kuɗin man babur kaɗai ya ishe shi. Sai muka riƙa ɗaukar muryar abin da aka tattauna muna sawa a guruf. Wani sai ya hau tudu ko ya shigo gari ranar kasuwa rezo, wato sabis, ya kama, ya sauke duka ya saurara a gida. Tsofaffin tambayoyin BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ma haka muke yi da su.

Da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin Yulin 2023, cajin salula ya zama aiki. A lokacin ne muka hana bidiyo kwatakwata. Har yau dokar na nan, murya da hoto da PDF kawai.

Malamar Kimiyya, Bauchi:
Yaya, bari in yi magana kan guruf na biyu, na malamai, don na ga an fi karkata kan na yara.

Na shiga irinsu sun fi goma. Akwai na Telegram da muka yi shirin jarrabawar TRCN ta rajistar malamai a ciki, mutum dubbai, kuma ya yi amfani don ko yau ka shiga za ka ga duk abin da aka tura tun farko, ba kamar yadda muka saba a WhatsApp ba. Amma ana gama jarrabawa ya zama kufai. Sauran kuwa kowa jira yake wani ya turo, ana turowa a ce "Allah ya saka" a wuce, ba wanda ya buɗe.

Ɗaya ne ya rayu, shekararsa ta uku ke nan, kuma mu takwas ne kacal daga makarantu biyar. Duk Alhamis mutum ɗaya ke da aiki, bi da bi. Ba lesin not yake turowa ba, don wannan kowa na iya kwafowa. Yana kawo abu ɗaya da yaransa suka kasa ganewa a satin, da hoton ainihin amsar da suka rubuta, an rufe sunayensu. Sai sauran su faɗi yadda suke koyar da wurin. Ni na kawo matsalar daidaita ma'aunin sinadarai, yarana suna canza ƙaramar lambar ƙasa maimakon ta gaba. Wani malami ya ce shi da murafen lemo kala uku yake yi, kowace kala sinadari ɗaya, yaro ya ƙirga hagu da dama da hannunsa. Shekara bakwai ina koyar da wurin nan ban taɓa tunanin haka ba. Wata kuma ta nuna mana PhET, shafin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado, kyauta ne kuma ana iya sauke shi a yi amfani da shi ba data. Da kwamfuta ɗaya nake nuna wa aji, suna zuwa layi-layi.

Muna da takarda ɗaya a Google Docs da muke zuba tambayoyin jarrabawa, kowa na iya gyarawa. Ranar da wani ya goge rabinta bisa kuskure hankalinmu ya tashi, ashe tana ajiye tarihin gyare-gyare, muka dawo da ita. Abin da ya fi wuya shi ne watannin farko, ba wanda ke son ya ce yaransa ba su gane ba, kamar ya tona wa kansa asiri ne. Sai da babbar cikinmu, mai shekara 20 a aji, ta fara kawo nata.

Ki lura, firinsifal ba ya cikin namu. Da yana ciki da ba wanda zai buɗe baki.

Malamar Firamare, Katsina:
Wannan magana ta ƙarshe haka take wallahi. Sannan a kula da 'yan damfara. An kira wata abokiyar aikinmu aka ce za a yi taron malamai ta intanet, ta karanto lambobi shida da aka turo mata don a yi mata rajista. Tana karantowa suka ƙwace WhatsApp ɗinta, suka bi guruf suna roƙon kuɗi da sunanta. Kowane admin ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta mataki na biyu.

Malamin Lissafi, Kano:
Kuma ki tambayi firinsifal tun yanzu wa zai sayi data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 abin ya fara ciwo. Sauke hotunan aikin yara 40 kullum ba wasa ba ne, kuma daga albashina yake fita. Ki kuma faɗa musu lokacin da kike rufe waya, in ba haka ba ƙarfe sha biyun dare za ki ji "Malama ban gane lamba 2 ba".

Malamar Bayoloji, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na kai wa firinsifal maganar Baba, ya yarda a raba maza da mata kuma a sa lambar iyaye. Maganar data ya ce zai kai wa PTA. Maganar kada ya shiga na malamai kuwa ban samu bakin faɗa ba tukuna. Saura abu ɗaya: na ƙirga, yara 11 a ajin babu babbar waya a gidansu sam. Ya kuka yi da irinsu?

Tsohon Hedimasta, Sakkwato:
Mu haɗa su muka yi da maƙwabta, kowane yaro da abokin karatu a unguwarsu, mace da mace. Abin da aka tura a sati kuma a buga shi a takarda ranar Litinin a manna a bayan aji. Ki fara duba su waye ke zaune kusa da juna cikin sha ɗayan, ki turo min unguwannin in taya ki haɗawa, na yi shekara huɗu a Tudun Wadar Zariya.