Tsohon tedin mahaifiyata: in wanke shi ko in bar shi yadda yake?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina ɗinka tedi, wato 'yar tsana mai laushi mai siffar dabbar beya, da hannuna, amma yau na gamu da wanda nake tsoron taɓawa. Muna kwashe kayan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, sai na tsince shi a ƙasan akwati. Launin zuma ne, hannayensa dogaye, bakinsa ya zuro gaba, ga ɗan tozo a bayansa. In na matsa cikinsa sai in ji ƙaras-ƙaras. Ido ɗaya ya fita, asu kuma ya ci tafin ƙafar dama. Zuciyata tana raya mini in wanke shi, in farke, in zuba sabuwar auduga. Me kuke gani?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Mama. 'Yar'uwa, don Allah kada ruwa ya taɓa shi. Wannan ƙarar da kike ji ta sassaƙen itace ce, siriri kamar zare, shi ake cusa wa tedi a farko kafin audugar rimi ta shigo. In ya jiƙa ba ya bushewa da wuri, ruɓewa yake yi. Gaɓoɓin ma faifan kwali ne aka haɗa da ƙusar ƙarfe, kwalin ya yi laushi, ƙusar ta yi tsatsa. Ni na taɓa yin wannan kuskure da wani nawa, hannunsa ya zare a cikin ruwan, har yau abin na ci mini rai.

Siffar da kika faɗa irin ta na farko-farko ce. A 1902 ne shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ƙi harbin wata dabbar beya da aka ɗaure masa a wajen farauta a Mississippi, daga laƙabinsa na Teddy sunan ya fito. A shekarar kuma Richard Steiff ya tsara nasa mai gaɓoɓi a garin Giengen na Jamus. Duba kunnen hagu. Tun 1904 kamfanin Steiff ke maƙala ɗan maɓallin ƙarfe a wurin.

Mai Basilla:
Na yarda da Malam a kan ruwa, amma asun nan ya fi damuna. Yaya, ki sa shi a leda ki ɗaure tam, ya yi kamar mako guda a firiza don sanyi ya kashe asun, ki bari ya huce a cikin ledar kafin ki buɗe. Sannan ki bi gashin da burushi mai laushi a hankali. In gashin akuyar Angora ne za ki ga ƙyallinsa ya dawo kaɗan.

Tafin ƙafar kuma kada ki yanke shi. Ki zura ƙyalle mai irin launin ta ƙarƙashi, ki kama shi da ɗinkin ɓoye. Ido dai ni ina ganin ki sa masa, in ba yaro za ki ba wa ba. Ki duba wanda ya rage, in na gilashi ne zai yi sanyi a leɓe, ki nemo irinsa.

Baban Yara:
A nan muka ɗan saɓa. In har ya tabbata tsoho ne sosai, masu tara tsofaffin tedi sun fi son a bar shi da abinsa na asali, ko da ido ɗaya ne.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba kunnen, babu maɓalli, babu ko huda. Dama ba sayarwa zan yi ba, Malam. Amma da nake dubawa na ga wani tsohon gyara a bayan wuyansa da baƙin zare, ɗinki mai faɗi-faɗi, hannun Mama ne sak. Wannan ba zan warware shi ba. Yanzu haka yana cikin firiza. Idon da ya rage na gilashi ne, ruwan ƙasa, kuma zan nemo masa ɗan'uwansa.