Muhawara: mutum zai iya yi wa allolin almara wayo a wasan labari?

Mai Jan Labari: Salamu alaikum. Ina shirya doguwar tafiya ta wasan labari na tebur, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, ni ina jan labarin, ɗan lido mai fuska 20 yana raba gardama. Duniyar ƙirƙirarriya ce, akwai allolin ƙage a cikinta waɗanda suka kusa sanin komai. Mai ruwan sama a cikinsu ya kulle ruwa a taska don ya hori wata ƙasa, aikin jarumai su buɗe ta ba tare da ya farga ba sai aikin gama ya gama. Yaya Kafaffe ya ce wannan wasa ya mutu tun kafin a zauna. Ku raba mu.

Kafaffe: Na faɗa, kuma ina kan bakana. Ko dai sun sani ko ba su sani ba. In sun sani, babu wani wayo, duk nasarar da 'yan wasa suka samu sadaka ce daga mai jan labari. In ba su sani ba, sarakuna ne kawai masu yawan 'yan rahoto, a daina cika musu baki. Wannan "sun kusa" ƙofar baya ce, kai kake riƙe da makullinta, ka buɗe ranar da ka ji tausayinmu, ka rufe ranar da ka tashi da haushi.

Malam Tarihi: Sanin komai na Allah ne Shi kaɗai, wannan babu muhawara. Waɗannan na almara, mutanen da suka ƙago su sun ba su iyaye da mata da barci da kishi, to mai barci ai dole wani abu ya wuce shi. Ku dubi labarin Tantalus na Girkawan dā. Ya yanka ɗansa ya dafa wa allolinsu don ya gwada saninsu. Kowa ya gane ya janye hannu, sai Dimita, wadda hankalinta ke wurin 'yarta da aka sace, ta ci kafaɗar yaron ba ta lura ba. Ba ilimi ta rasa ba, hankali ne ba ya wurin. A nan ramin yake.

Kafaffe: Malam, da girmanka, ai hujjata ka kawo. Ɗaya ta ci, sauran duk sun gane, Tantalus kuma ya ƙare cikin azaba, ruwa na gabansa ba ya iya sha. In kuma Furomitiyus za ka kawo, wanda ya lulluɓe ƙasusuwan bijimi da kitse ya ce Ziyus, babban allolinsu, ya zaɓa, mawaƙin da ya rubuta labarin, Hesiyod, ya ce Ziyus ya gane dabarar, da gangan ya ɗauka don ya sami dalilin hukunta mutane. Kuma Furomitiyus ba mutum ba ne, daga zuriyarsu yake.

Ɗan Lido: Ku bar Girka tukuna, masu wasan sun riga mu tunanin nan. Wasan labari na tebur mai suna Dungeons & Dragons ya fito a 1974, littafinsu na alloli na 2002 kuma ya zauna ya auna "sun kusa" ɗin da Yaya ke ƙorafi a kai. Kowane abin bauta yana da fanninsa da lambar daraja. Ƙananan ba sa jin abin da ya shafi fanninsu sai ya taɓa ɗaruruwan mutane. Manyan, masu daraja 16 zuwa 20, suna jin duk abin da ya shafi fanninsu, mako ɗaya baya da mako ɗaya gaba a kan kowace daraja. Amma ga inda daɗin yake: abin da yake samu shi ne wani abu na faruwa, kuma a wuri kaza. Ba ya ganin fuska, ba ya jin magana, sai ya juyo da ganinsa wurin da kansa, kuma wuraren da zai iya kallo lokaci ɗaya ƙididdigaggu ne. Ambaton sunansa ma yana buɗe masa taga a wurin na ɗan lokaci. To wannan ba ƙofar baya ba ce, doka ce a rubuce, ɗan wasa zai iya karantawa ya yi shiri a kanta.

Auta: Ni tambayata ƙarama ce. Ko an rubuta dokar, ai Yaya Mai Jan Labari yana zaune da mu yana jin duk ƙulle-ƙullen da muke yi. Shi ne kuma zai yi magana da bakin mai ruwan. Yaya zai manta abin da ya ji?

Uwar Tebur: Yauwa, Auta, ke kika taɓo wurin. Duk surutun nan a kan allolin ƙage ake yi, alhali wanda ya ji komai a teburin shi ne mai jan labari. Matsalar amana ce. Ni abin da nake yi, kafin zaman farko sai in rubuta iyakar kowane ɗayansu: me yake ji, me ba ya ji, me ke ɗauke masa hankali, wane alkawari ne ba zai iya karyawa ba. In sa a ambulan in liƙe, in ba wani ɗan wasa ya ajiye. Jarumai su yi ta wahalar gano iyakokin nan a cikin labari, daga bakin tsohon limamin gunki da aka kora, daga rubutun kango, daga gwaji da ƙaramin abu kafin babba. Ranar da aka gama a buɗe ambulan kowa ya ga ban canza komai ba.

Akwai kuma dabarar da wasan labarin Blades in the Dark na 2017 ya shahara da ita: ba sai an tsara komai a gaba ba. Ana tsakiyar aiki ɗan wasa zai ce "ai tun jiya na sayi mai gadin nan", ya biya da gajiyar jaruminsa gwargwadon nauyin abin, a koma baya a buga wannan fage. Abin da ba a faɗa ba tukuna, ni ma ban sani ba, balle in saka shi a bakin wani.

Kafaffe: Anti, ambulan na karɓa, wannan gaskiya ne. Komawa baya kuwa ban yarda ba. Da mai gadin ƙofa tana aiki. Da wanda ke hango mako 16 gaba, "ai tun jiya na yi" ba ta da ma'ana, don jiyan ma yana ji.

Uwar Tebur: Yana ji in ya shafi fanninsa. Sayen mai gadi ba ruwan sama ba ne.

Ɗan Lido: A bugu na biyar na Dungeons & Dragons akwai tsafin rufe zuciya, mataki na 8 a jerin tsafe-tsafe, yana aiki na awa 24, yana toshe duk wani duba da karanta tunani.

Kafaffe: Wanda boka ba ya samu sai shi kansa ya kai mataki na 15 na jarumai. Mu yi ta kashe ɓeraye shekara guda muna jiran tsafi ɗaya? Kuma wannan ba wayo ba ne, bargo ne aka lulluɓa.

Malam Tarihi: A nan ina bayan Kafaffe. Kuma ina ganin kuskuren shi ne kowa na tunanin ƙarya da ɓoyo. Labaran da mutum ya yi nasara, yawanci ba ƙarya ya yi ba. A Mahabharata ta Indiya, Sabitiri ta bi Yama, mai ɗaukar rai a almararsu, bayan ya ɗauke ran mijinta. Ya ce ta roƙi komai ban da ran mijin. Ta roƙa wa surukinta ganinsa, ta roƙa masa mulkinsa, can ta roƙi 'ya'ya ɗari daga mijinta, ya ce an ba ta. To ta ina za a haife su in mijin na hannunsa? Bakinsa ya ɗaure shi. Haka labarin asalin Lombardawa, waɗanda suka shiga Italiya a 568. Godan, wato Odin, abin bautarsu, ya ce zai ba da nasarar yaƙi ga waɗanda ya fara gani da fitowar rana. Matarsa ta sa matan ƙabilar su sako gashi a fuska kamar gemu su tsaya tare da mazansu, ta juya gadonsa gabas. Da ya farka ya tambaya su wane ne masu dogon gemun nan, ta ce tunda ka raɗa musu suna sai ka ba su nasara. Gizo ma ba don Zaki bai san shi maƙaryaci ba yake cin sa, kwaɗayi da girman kai yake kamawa.

Uwar Tebur: Shi ya sa nake roƙon ka, Mai Jan Labari, kada ka bari a jefa ɗan lido a kan "na yi masa ƙarya". Lamba 20 tana fitowa sau ɗaya cikin 20, kashi 5 cikin ɗari ke nan. Ran da ta fito za ka sami wani ɗan tsako ya ruɗi mai ruwan sama da baki kawai, duk kwarjinin da ka gina ya zube. A jefa a kan hawa katanga, a kan lallashin mai gadi. Shi babban, tsari ne zai kama shi ko ya kasa.

Auta: To ga nawa tsarin. Tunda abin da yake ji shi ne "wani abu na faruwa a wuri kaza", mu cika masa kunne. A dare ɗaya ƙauyuka ɗari su fita roƙon ruwa suna kiran sunansa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ba zai iya leƙa ko'ina ba.

Kafaffe: Da kyau, Auta, amma kin manta gaba. Tun mako 16 kafin ranar ya ji cewa za a buɗe taskarsa. Zai zauna a bakin ƙofa ya jira ku.

Auta: Sai dai in ranar ce shi da kansa ya saba buɗewa. Yaya, ba ka ce yana shayar da ƙasar masu yi masa biyayya sau ɗaya a shekara ba?

Mai Jan Labari: Na faɗa.

Auta: To ya hango za a buɗe taska ranar, a wurin da aka saba, babu abin mamaki. Limamansa ne ke juya makulli da sunansa, mu mu shiga rigarsu. Inda gajimaren zai nufa bayan ya fito kuwa ba fanninsa ba ne, na mai iska ne, kuma ba sa ga maciji.

Ɗan Lido: Zai ji ruwa ya sauka a ƙasar da ya hora, wannan ma fanninsa ne. Sai dai in a ambulan an rubuta cewa hangensa na gaba ya tsaya ga taskar, zubar ruwa sai ta faru yake ji. Wannan sai mai jan labari ya yanke tun yanzu, ba ranar ba.

Kafaffe: Ko an rubuta, ku lura da abin da ya faru. Mai iska ne ya karkatar da ruwan, kamar yadda matar Odin ce ta juya gado. Manya ne ke faɗansu, mutane 'yan aike. Ni an ce min mutane ne za su yi wayon.

Malam Tarihi: Sabitiri ba wanda ya juya mata gado.

Kafaffe: Ita ɗaya, Malam. Kuma Yama daɗin maganarta ya ji, yana ta yabonta. Ban tabbata an yi masa wayo ba, ƙila so ya yi.

Uwar Tebur: In mai iska bai san don me ake so ya busa gabas ba, shi ma an ci shi. A bar shi yana zaton ƙaramar tsokana ce ga abokin gabarsa. Biyu ke nan aka yi wa wayo, kuma biyun za su gane, rana dubu ta ɓarawo. Sisifus, a almarar Girkawa, ya ɗaure Mutuwa, ya kuma hana matarsa yi masa jana'iza don ya sami hujjar dawowa duniya, ya ci shekarunsa, daga baya aka ba shi dutse ya yi ta turawa. Mai Jan Labari, ka tanadi rabin tafiyar don abin da zai biyo bayan ruwan.

Mai Jan Labari: To zan rubuta iyakokin a daren nan, har da maganar hangen taska da Ɗan Lido ya kawo. Komawa baya zan bari, amma ban da abin da ya taɓa ruwa kai tsaye. Wa zai riƙe ambulan?

Kafaffe: Ni. Kuma jarumina limamin mai ruwa ne na gaske, ba na shigar burtu ba. In kuna da wayo ku fara da ni.