Wa ya taɓa kai yara su taɓa tarihi da hannunsu? Ku ba mu labari

Baban yara, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Abin da yas sa nika rubutun ga, shekaranjiya ɗana na aji biyar shina hadda, "Shehu ya yi hijira 1804, Shehu ya rasu 1817", shina ta maimaitawa, sai nic ce mai to ina Hubbare yake, inda kabarin Shehun yake? Wallahi yaron ga bai sani ba, alhali cikin garin ga na Sakkwato anka haihe shi. Abin ya tsaya min a rai, don laifina ne ba nashi ba. Hutu ya matso, ina son in fita da su har da ɗiyan ƙanwata, amma ba ni son irin fitar nan ta a tsaya a ɗauki hoto a koma gida. Duk wanda ya taɓa kai yara ko 'yan makaranta wurin tarihi don Allah shi ba mu labarin yadda ta kaya, mai daɗi da marar daɗi.

Malamar firamare:
Wa alaikumus salam Baban yara. Ni abin da nig gani, in yaro ya kalla kawai, sati biyu ya manta. Bara sai nis sa anka gina min rami bayan aji, zurfinshi bai kai gwiwa ba, yara ba su sani ba. Can ƙasa nis sa tsingaron wata tsohuwar tukunya da wuri guda shidda da gululun mazarin kakata, anka zuba ƙasa anka daddaɓe, bisa nan nis sa kwabo mai huji na zamanin Turawa, anka sake zuba ƙasa, daga sama kuma murhin lemun kwalba da katin waya da leda. Da anka yi ruwa sau biyu wurin ya kwanta, munka kafa ƙusoshi munka ja zare munka raba shi gida huɗu, kowane gida yara biyar, kayan aikinsu cokali da tsintsiya da rariya. Doka guda, duk abin da ka samu kada ka cire sai ka zana shi cikin littafi ka rubuta gidan da ka same shi.

Wata yarinya da ba ta ko buɗa baki cikin aji, ita ta fara ganewa. Ta riƙe wuri a hannu guda, murhin kwalba a ɗaya, tac ce Malama ashe na ƙasa ya girmi na sama. Ban koya mata ba wallahi, ƙasa ta koya mata. Daga nan zance ya ɓalle, mi ya sa wuri, nic ce da shi kakanninku ka sayen gero kafin kuɗin Turawa, Naira kuwa sai 1973 ta zo. Guda ya ce babanshi ya girmi Naira ke nan, aji duk ya ɗauka. Gululun ne babu wanda ya sani, sai da nit taho da mazari da auduga washegari nik kaɗa zare gabansu.

Ɗan Binji:
Malama Allah shi saka da alheri. Mu muna yara babu mai kai mu da sunan tarihi, kiwo ya kai mu Surame. Ganuwa ce ta dutse, ba ta laka ba irin wadda munka saba gani, an jera duwatsu bisa juna, wani wuri ta zube wani wuri tana tsaye, itace ya tsiro cikinta. Muna hawa muna tsalle ba mu san Kanta ba, sai da wani kawuna ya zamna da mu bisa dutse ya ce nan ne birnin Kanta na Kabi, tun ƙarni na 16, ɗaruruwan shekaru kafin Jihadi. Daga baya nis san gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, kuma a 2007 an shigar da shi jerin wuraren da Najeriya ka son UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ni dai har yau in nij ji an ce Kanta, zafin dutsen nan a tafin ƙafata nika tunawa.

Amma Baban yara gaskiya ɗaya ce, kada ka kwashi yara ka nufi daji haka nan. Surame da Gudu, inda Shehu ya yi hijira, da Alkalawa, tsohon birnin Gobir, duk sai ka tambayi mutanen wurin yadda hanya take kafin ka tashi, in sunka ce a dakata, a dakata.

Ɗalibi a Zariya:
Ni ina karatun tono kayan tarihi a ABU, kuma abin da Malama ta yi shi ne daidai, rami na koyo wanda kai ka binne kayanka. Roƙona iyayena, kada wani ya ji daɗin labarin ga ya kai yara kufai su kama gina. Abin da ke ƙasa in ka cire shi ba tare da an auna an rubuta ba, ka yage shafin ke nan, ba shi komawa. Misali lofen taba, taba ba ta shigo ƙasashen ga ba sai wajen 1600, to in an samu lofe cikin wani sashe na ƙasa an san sashen bai girmi wannan lokacin ba, amma in yaro ya tsince shi ya sa aljihu, lofe ne kawai. Haka kashin tama da ake gani baƙi mai nauyi, shi ka nuna inda maƙera sunka narka ƙarfe.

Kuma mu nan muna da ciwo. Akwai mutum-mutumin yumɓu na dā da masana ka kira na Sakkwato, dangin waɗanda anka samu a Nok ta jihar Kaduna, da yawansu masu haƙa a ɓoye sunka tone sunka sayar waje, har yau saninmu a kansu kaɗan ne saboda ba a san yadda suke kwance cikin ƙasa ba. Ranar farko da anka fita da mu fili, na ɗauko wani tsingaro mai zane na kawo ma malaminmu ina murna, ya ce koma ka aje shi inda ka ɗauka. Na koma, na kasa gane wurin. Kunyar nan ba ta bar ni ba. Yaro shi taɓa, shi zana, shi ɗauki hoto, shi aje.

Maman 'yan mata, Runjin Sambo:
Ni Gidan Tarihi na Waziri Junaidu nik kai nawa, sannan Hubbare. Kuskuren da niy yi shi ne fita da hantsi ya ɗaga cikin bazara, ba ruwa ba komi, ƙaramar tana ta kuka. Ku fita da sassafe. Amma babbar, da ta tsaya gaban tsoffin takardun nan rubutun hannu, ta ƙura ido tana haɗa baƙi da wasali har ta fidda Bismillah da kanta, sai ta juyo tac ce Mama irin rubutun allonmu ne. A Hubbare nig gaya musu Nana Asma'u ma nan take kwance kusa da mahaifinta, ta rasu 1864, da yadda take naɗa jaji ta ba ta malfa ta tura ta ƙauye ta karantar da mata, su ne 'Yan Taru. Da munka dawo gida sunka hana ni sakat sai mun yi tawada, munka kankare baƙin gindin tukunya munka haɗa da ƙaro, kakansu ya fiƙe musu alƙalami. Bangon zaure har yanzu da shaida, babansu ya ce a bar shi.

Jikan majema:
Ku kawo su majema mana. Tarihi ne da ake yi har yau da hannu, su ga yadda ake jiƙa fatar jar akuya da bagaruwa, a rina ta da karan dafi. Wari kam akwai, minti goma sun saba. Yaran da anka taɓa kawo muna kowa ya koma da guntun fata a hannu.

Ɗan Wurno:
Kada a manta da mu. Sarkin Musulmi Bello nan ya yi ribaɗi, nan ya rasu 1837, hubbarenshi na nan. Na kai ɗiyan yayana, babban ya tambaye ni mi ya sa sarki zai bar birni ya zo bakin iyaka ya zamna. Sai da munka samu wani dattijo bakin masallaci ya warware mai, ni kaina na ƙaru.

Baban yara, Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi bar zumunci. Ban jira hutu ba, jiya Asabar bayan asuba nid ɗauke su a Keke Napep munka bi sunayen ƙofofi, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya, kowa da littafi da fensir shina zana inda munka tsaya, nic ce musu Bello ya kafa birnin ga 1809 kuma ta ƙofofin ga aka shiga da fita. Ɗan nawa ya yi ta waige-waige ya ce Baba ga sunan ƙofa, to ina ganuwar? Ban da amsa mai kyau, sai wani tsoho mai sayar da goro ya ji mu, ya taso ya nuna muna da sandarshi inda ya ce yana yaro ya tarar da tudunta, yanzu shaguna ne bisa. Yaron ya zana layin cikin littafinshi ya rubuta "in ji Baba mai goro". Asabar mai zuwa Hubbare in sha Allah, da goran ruwa kamar yadda Maman 'yan mata tac ce. Malama, zaren da kunka ja bisa ramin, taku nawa kunka ba kowane gida? Akwai fili bayan gidanmu.