Sautin darasina ya yi nauyi, ya ƙi buɗuwa a shafi

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan shafi a intanet da nake sa wa ɗalibaina darussa. Makon jiya na naɗi muryata ina karanta darasi na minti 40, saboda akwai yaran da sai sun ji da kunne suke ganewa. Da na adana a kwamfuta sai ya fito a matsayin WAV, girmansa ya haura MB 400. Haka na ɗora shi. Ɗalibai uku sun ce sun jira har sun gaji, ko kalma ɗaya ba su ji ba, abin ya dame ni ƙwarai. Yaya zan rage shi? Kuma ina so ya fara magana da kansa da zarar an buɗe shafin.

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malama. Laifin WAV ne. Tsohon tsari ne na Microsoft da IBM tun 1991, yawanci ba ya matse sauti ko kaɗan, duk minti ɗaya yakan ci kusan MB 10. Ki buɗe fayil ɗin a Audacity, manhaja ce ta kyauta, ki fitar da shi a matsayin MP3, tsarin da ke matse sauti ya rage girmansa. Tunda magana ce zalla ba kiɗa ba, ki mayar da shi mono, wato layin sauti ɗaya maimakon na hagu da na dama, ki zaɓi 64 kbps, wato yawan datar da kowace daƙiƙa ta sautin za ta ci. Minti 40 ɗin nan zai dawo wajen MB 19, kuma muryarki za ta fita sarai.

Hajara:
Ƙari a kan bayanin Injiniya, ga abin da za ki rubuta a shafin:

`<audio controls preload="none" src="darasi1.mp3"></audio>`

Kalmar controls ce ke fito da maɓallin kunnawa, preload="none" kuma yana hana sautin sauka sai an danna, ba a ci wa yaro data a banza ba.

Batun farawa da kansa kuwa, don Allah Malama ki haƙura. Tun 2018 Chrome ke toshe sautin da ke tashi ba a taɓa komai ba. Ko da zai yiwu ma, ki tuna da wanda zai buɗe shafin cikin dare kusa da mai barci.

Injiniya Bello:
Na manta: kada ki goge WAV ɗin. MP3 zubar da wani ɓangare na sautin yake yi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. In za ki yi gyara nan gaba, ki koma kan na asali. Akwai wani tsarin mai suna Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi wajen saƙon murya, ya fi MP3 iya matse magana, sai dai MP3 ne kusan kowace waya ke buɗewa.

Malama Rabi:
Allah Ya saka muku da alheri. Na gwada, ya dawo MB 19 kamar yadda kuka ce. Na kuma raba shi gida huɗu, minti goma-goma. Ɗaya daga cikin yaran nan uku ta turo min saƙo yanzu, ta ce ta saurari kashi na farko sau biyu.