Dan Allah wa zai warware min bambancin girid da kilawud?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta, wallahi na maƙale a wani waje kuma inata karatu amma kaina sai ƙara ɗaurewa yake. Abinda na gane shine girid haɗa kwamfutocin cibiyoyi daban daban ake, kowa da nashi, sai a yanyanka babban aiki a raba musu, kamar yadda CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, take raba bayanan gwaje gwajenta ga cibiyoyi a ƙasashe da yawa, ko SETI@home, shirin neman alamar halittu masu hankali a sararin samaniya, da aka fara a 1999, inda mutane suka riƙa ba da aron kwamfutarsu ta gida. Shi kuma kilawud kamfani ɗaya ne ke da injinan, irin Amazon da ya fito da tsarinsa na hayar injina mai suna EC2 a 2006, kana haya ta intanet ka biya iya abinda kayi amfani dashi.

To ga inda na tsaya. Inada lissafi mai nauyi da yake rabuwa gida gida, kowane kashi baya jiran ɗan uwansa, idan na hayi injina 50 a kilawud na raba musu aikin, shin girid nayi kenan ko har yanzu kilawud ne? Ni a ganina mallakar injinan ce ke raba su, ba yadda aikin ke gudana ba, amma wani yace min a'a, wai layin jira da ake saka aiki a ciki shine asalin girid. Wanne ne daidai? Kuma ga aiki irin nawa wanne yafi dacewa in bi?